Shanya a Hawa na Sha Biyu

Ranar Juma'a na tashi da niyyar abu biyu: in ci wake da burodi, in sa shuɗiyar rigata in tafi filin ƙwallo. Wake ya samu. Riga kuwa na nema sama ko ƙasa na rasa.

Rigar mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa. Da ita ya tsare wa Taurarin Masunta raga, ƙungiyar unguwarmu, tun zamanin da ake sallamar 'yan wasa da kifi. Ban taɓa shiga fili ba tare da ita ba, ga shi ranar idan aka ci mu mun faɗa rukunin ƙasa.

"Ummu Tamir, ina rigar Baba?"

Matata ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ta tafi aiki."

"Riga ce ke zuwa aiki?"

"Ai gara ita, Abu Tamir. Kai tun Talata kake layin mai, me ka shigo da shi ban da tari?"

Ashe ga yadda aka yi. Mai Girma Basha, uban marayu, gatan marasa gata, wanda shekaranjiya yake tallar cajar waya a bakin tashar jirgin ruwa, ya gina dogayen benaye uku a gaɓar tekunmu. Tun fenti bai bushe ba aka ce an saye kowane gida, kuɗi hannu, amma har yau ko tarin mutum ba mu ji a ciki ba. Sai aka ji wani kwamiti zai zo ya duba ko masu sayen 'yan Adam ne. A garinmu kuwa ko makaho ya san barandar da ba shanya, gidan ba kowa. Shi ne Hassanain maigadin benayen ya bi unguwa yana hayar tsummokara don a shanya a barandunan, matata ta kwashe namu ta ba shi har da rigar Baba.

Na kai kuka wurin Shaukat mai shayi, ya yi dariya har da buga tire. "Ba jaridu na cewa wankin kuɗin haram Basha yake yi ba? To wanda ya yi wanki ai dole ya nemi wurin shanya."

Na iske Hassanain a gindin bene yana korar ƙuda.

"Ya ustaz, rigarka na hawa na sha biyu. Makulli yana hannun mai gidan."

"Wane ne mai gidan?"

"Wani bawan Allah ne. Ya rasu tun kafin a haƙa harsashin ginin. Mutumin kirki, ba ya damun maƙwabta."

Haka na nufi fili da rigar zuwa kasuwa. Na manta ban gaya muku ba, ƙungiyar ma Basha ya saye ta bara, saboda tsabar kishin matasa. Har ɗan wasan gaba ya sayo mana daga ƙungiyar surukinsa a kan kuɗin da za su sayi jirgin ruwa, yaro mai ladabi, sai dai gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa.

Mai sayar da tikiti ya ce tikiti ya ƙare. Na leƙa ta ƙofa, ba kowa a kujeru sai kyanwa tana lasar ƙafa.

"Su wa suka saye, ɗan'uwa?"

"Mutanen benayen can. Duk mako su ke kwashewa, ba su da abin so kamar ƙwallo."

Ana cikin haka kwamiti ya iso gindin benayen, daf da filin, cikin motoci masu sanyi. Suka sauke gilashi, suka ɗaga kai, suka ga wandona da zanen gadonmu suna kaɗawa, suka ce masha Allah, unguwa ta cika. Don kada a ce sun zo a banza, suka ci tarar wani masunci da ya shanya komarsa a bakin hanya, wai yana ɓata wa mazauna benen kallo.

A bayan katanga muka tsaya mu da muka gaji ƙungiyar, muna sauraron usur. Aka ci mu, muka faɗi. Shaukat ya ce Basha bai ji zafi ba, don ƙungiyar da ta faɗi ba ta bukatar babban fili, kuma wurin ya dace da bene na huɗu. Ni dai na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Da na ɗaga kai sai na hango rigar can sama, shuɗiya, tana fuskantar fili, iska ta buɗe mata hannuwa kamar yadda Baba yake tsayawa a raga. Duk unguwarmu ita kaɗai ta kalli wasan.

Hassanain ya ce sai an gama bene na huɗu za a sauko da ita, in an sauko. Na daina bibiya. Baba ya ƙare rayuwarsa a ɗakin haya, bai mallaki ko taga ba, yau ga rigarsa da gida mai kallon teku. Sannan ku ce Basha ba ya tuna talaka.