Ranar da Aka Naɗa Ni Ruwa a Kumbashi

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da bakina ya kai ni filin langa, ƙafata kuma ta kasa fitar da ni.

Lokacin ina neman auren Rakiya. Kowa a gidansu ya karɓe ni sai wanta, Yaya Hamisu, wanda yake ganin duk saurayin da ya tashi a cikin garin Kontagora lalatacce ne, ba ya iya komai sai guga da turare. Kuma maganarsa ake ji a gidan. Da aka gayyace ni bikin ɗan baffansu a Kumbashi, na ce yau zan gyara sunana.

Bayan la'asar samari suka ce za a yi langa, 'yan uwan ango da na amarya. Yaya Hamisu ya dube ni a kaikaice ya ce, "Malam, ku 'yan birni kun san langa kuwa?"

Na ce, "Haba Yaya, ai a unguwarmu ba a kada ni."

(Gaskiyar magana, mahaifina malami ne. Tsakanina da langa sai leƙe ta ƙofar zaure, allo a cinya. Abin da na sani kawai, ana kama ƙafa ɗaya ta baya, a yi ta tsalle da ɗayar, ana ture juna.)

Ya ce, "Madalla. To kai ne ruwanmu."

Ruwa? Na waiga, kowa na gyaɗa kai. Wani har ya dafa ni ya ce, "Amana ce fa." Na rasa wa zan tambaya, don wanda ba a kada shi a unguwarsu ba ya tambayar mene ne ruwa. Sai na yanke wa kaina cewa sarautar jarumi ce, wanda ake turawa gaba ya share fili.

Ashe ruwa shi ne ɗan lelen wasan. Ba ya faɗa da kowa. 'Yan ɓangarensa ne ke kare shi, shi kuwa ya lallaɓa ya kai inda aka shata, a ce ruwa ya sha, an ci wasa. In ya faɗi, duka ɓangaren ya faɗi. Wannan bayanin daga baya na same shi, ina kakkaɓe ƙasa daga kunne.

Aka fara. Na ga mutanena sun kewaye ni, na kasa gane dalili. In na yi dama su tare, in na yi hagu su tare. Ana ta ihu, "Ruwa, bishiya! Ruwa, tafi!" Wace bishiya kuma? Me zan yi mata? Ga Rakiya can cikin 'yan mata tana nuna mini wata darbejiya da hannu biyu, ni kuwa na ɗauka kirari take yi mini.

Sai ga wani ƙato ya tsaya a gabana, ya ba ni baya, ya hana ni wucewa. Na ce yawwa, ga aikin ruwa ya samu. Na tattara ƙarfin tuwon biki na banka masa kafaɗa. Muka zube tare, ni a sama.

'Yan uwan amarya suka fashe da shewa. Ƙaton ya juyo da fuska duk ƙura. Yaya Hamisu ne, mai kare ni.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. A raina na yi wa Rakiya ban kwana.

Ya dube ni ya ce, "Malam, ka taɓa yin langa?"

Na ce, "Ban taɓa ba, Yaya."

Ya tofar da yashi ya ce, "To alhamdulillahi. Ƙaryar ma ba ka iya ta ba. Irinka ba zai iya cutar mini ƙanwa ba."

An ɗaura aurena da Rakiya, amma har yau a gidan surukaina babu mai kiran sunana na yanka, sai dai Ruwa. Ni kuma tun ranar, duk muƙamin da aka ba ni, ko na riƙe buta ne a masallaci, sai na tambayi aikinsa da kuma inda bishiyar take.