Ranar Da Na Riƙe Ƙafar Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kai surukata da 'yata bakin dam ɗin Karaye. Wata biyar ke nan da rasuwar matata, Allah Ya jiƙanta. Ta bar mini yarinya ɗaya, Ummi, 'yar shekara shida. Tun bayan sadakar arba'in Hajiya, mahaifiyar marigayiya, ta aiko ƙanenta ya faɗa mini za ta ɗauki Ummi ta koma Rogo da ita. Namiji, in ji ta, ba ya riƙon 'ya mace shi kaɗai. Ban ce a'a ba. Wa ke ce wa suruka a'a? Na dai yi ta roƙon a ƙara mini lokaci.

Da ta zo garinmu, Turawa, da kanta, na san tafiya ta zo. Sai na ce kafin su wuce mu kai Ummi ta ga ruwa, don mahaifiyarta ta sha yi mata wannan alkawari. Gaskiya kuwa so nake Hajiya ta ga ni ma na iya kula da yarinya. Na wanke kayanta na goge, na ɗauki ruwan sha da laima da takalmi na biyu (har yau ban san amfanin da na zata zai yi ba).

Abu ɗaya na manta: cikina. Shekara takwas ina auren 'yarta, ko ƙwayar gyaɗa ban taɓa ci a gaban Hajiya ba. Ranar kuwa fargaba ta hana ni karyawa. Da muka isa ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta buɗe kwanon dambu, ta sayo soyayyen kifi.

"Malam, bismillah."

"Alhamdu lillahi, Hajiya, a ƙoshe nake."

Na koma gefe na tsuguna, ina kallon tsuntsaye kamar ni aka ba kiwonsu. Duk motsin da Ummi ta yi sai gabana ya faɗi. Kada ki taka can. Kada ki taɓa wannan. Hajiya na kallona, kallon nata kuma ya fi faɗa zafi.

Can Ummi ta hango kwale-kwale ta ce sai ta shiga. Na dubi Hajiya, na tabbata za ta hana.

"Ni da na tashi a bakin rafi? Taso, ƙawata, mu je."

Ni ban taɓa shiga ba. Amma uban da ke son a bar masa 'ya ba ya tsayawa a tudu. Na shiga na zauna a baya, su biyu suna fuskantata. Ga yunwa, ga rana, ga ruwa yana ƙyalli, nan da nan kaina ya fara juyawa. Ummi ta sunkuya za ta taɓa ruwa, jirgin ya karkata. Na runtse ido, na yi tsalle gaba, na cafke ƙafa da hannu biyu.

"Kada ki ji tsoro, 'yar Baba! Na riƙe ki! Ba inda za ki!"

Na ƙanƙame, har da shafawa ina lallashi. A hankali na ji ƙafar ta yi wa yarinya girma. Akwai kuma faso a diddige.

"Malam," in ji Hajiya, murya a sanyaye, "wannan tawa ce."

Mai jirgin ya soka sandarsa a ruwa ya ɗaga mini. "Yallaɓai, iya gwiwa ne. Ai ko tashi ba mu yi ba."

Sai Ummi ta fashe da dariya, har da riƙe ciki. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin mahaifiyarta ta kwanta. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma ban so ta daina ba.

Da muka fito, Hajiya ta turo mini kwanon, ta juya mini baya tana fuskantar ruwa.

"Ci. Ba na kallo."

Na ci, kaina a ƙasa. Ina cikin ci ta sake magana.

"Marigayiya ta faɗa mini ko rijiya ba ka iya leƙawa. Amma yau ka yi tsalle." Ta share ido da gefen mayafi. "Yarinya ta zauna wurin ubanta. In an yi hutu a kawo mini ita."

Na kasa godiya, dambu ya cika mini baki.

Yanzu in na je Rogo gaisuwa, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, nesa sosai. Abin da na koya kuwa, duk saurin da kake yi ka ceci rai, buɗe ido tukuna ka ga ƙafar wa ka kama.