Jan Silifas a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Lyon duba surukai ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai.

Ni dai a unguwarmu ta Montreuil, gefen birnin Paris, an san ni. Yaro ba ya shiga ɗakina da takalmi, kuma duk wadda ta fito banɗaki ba ta wanke hannu ba sai ta ji daga bakina. Saboda haka da ɗana Habibu ya ce ya samu mata, Yuki, ɗaliba 'yar Japan da ta musulunta, na ce masa sai na ga gidansu da idona. In na ga ƙazanta, babu aure. Da uwarta ta zo daga can ta sauka wurinta a unguwar Guillotière da ke Lyon, ni da Habibu muka hau jirgin ƙasa. (Gaskiya ba gaisuwa ta kai ni ba, laifi na je nema.)

Magana a gidan nan sai ta bi hannu-hannu: uwar ta yi yarensu, Yuki ta juya wa Habibu da Ingilishi, shi ya juya mini da Hausa. Tun daga ƙofa uwar take sunkuyawa tana cewa "sumimasen". Ta ba ni farin silifas na cikin gida, sumimasen. Na miƙa mata turaren wuta, sumimasen.

"Me take ta faɗi ne?"

"Inna, wai takan zama ban haƙuri, takan zama godiya, takan zama 'gafara dai'. Yuki ma ta rasa wadda za ta zaɓa a Ingilishi."

Ni na zaɓa musu. Na ce haƙuri take ba ni, ta ga ba a wasa da ni.

Na shafa yatsa a bakin taga, ba ƙura. Na leƙa gindin kofin shayi, fes. Raina ya ɓaci. Da la'asar ta yi na zaro butata daga jaka na nufi banɗaki. Can ciki ga jan silifas an ajiye na wurin kaɗai, kamar yadda nake yi a gidana. Na tuɓe farin na sa jan, ina tsara jawabin da zan yi in na fito.

Na fito da jawabina. Na tako har tsakiyar tabarmar da suka jera abinci, na zauna na miƙe ƙafa.

"Habibu, gaya mata mu mutanen tsafta ne. Abin banɗaki ba ya taɓa inda ake ci ko salla."

Habibu bai juya komai ba. Yuki ta rufe baki da hannu. Uwar ta sunkuya, murya ƙasa-ƙasa: "Sumimasen."

"Ka ji ko? Ta san gaskiya."

"Inna... don Allah dubi ƙafarki."

Na duba. Ja wur, jiƙe da ruwan alwala, dab da kwanon shinkafa. (Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige, har da butar.)

Matar nan ba ta yi ko murmushi ba. Ta tashi ta ɗauko farin, ta durƙusa ta ajiye mini, ta faɗi wata magana da ta zagayo ta iso ni: wai laifinta ne, ita ta ajiye jan a hanya. Ni da a gidana aka yi haka, har makwabta sai sun ji.

Ta ɗauko tsumma, na ƙwace daga hannunta na goge tabarmar da kaina. Sannan na dube ta na ce, "Sumimasen."

"Inna, wacce daga ciki?" in ji Habibu.

"Duka, ɗan nema! Ka je ka nemi kawunka a sa rana."

Har yau ina duba ƙafar duk wanda ya shigo ɗakina, wannan ban daina ba. Sai dai yanzu da tawa nake farawa.