Makau da Masu Gadin Sel

"Daga Anka har Gummi, babu cakpoyin ɗin da bai san Makau ba!" Haka Makau jikan ƙanwata yake cewa, ɗan acaɓa mai bakin rediyo, kai kamar tulu, ciki fayau. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma tun daga tafiya nake gane wawa.

Zinatu yake nema, yarinya mai karatun aikin asibiti. Ya ce mata ya yi boko a Sakkwato, alhali motar albasa ya raka. Ran nan ta buɗe littafi ta ce:

"Malama Veronica ta ba mu tambaya. In sel zai rabu biyu, ana ja da igiya nan da can, ina masu cakpoyin suke zama? Kawo amsa kafin Juma'a, ko kuma kada ka turo magabatanka."

"Wanga? Ai aikina ne!"

A wurin Makau, sel ɗakin kulle ɓarayi ne, cakpoyin kuwa shingen hanya. Gogan bai tambayi kowa ba, ya buga babur sai shingen hanyar Bukkuyum, ya tarar da Sajan Dikko yana cin rake.

"Ranka shi daɗe, in za a raba sel biyu, ina kuke tsayawa?"

Sajan ya daina tauna. "Da mi za a raba shi?"

"Da igiya. A ja nan, a ja can."

"Ku nawa ne?"

"Ni da wata yarinya, sai malamarta."

"Yaushe?"

"Kafin Juma'a dai."

"Madalla. Taho in gwada maka wurin da idonka."

Makau har da godiya. Sai da ƙofar sel ɗin ofishin 'yan sanda ta ce garam a bayansa, ya ji kwaɗo ya shige, sannan jikinsa ya gaya masa.

Da la'asar aka kirawo Zinatu da malamarta, wai abokan fasa gidan yari. Malama Veronica ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi.

"Sajan, wannan sel ɗin ƙwayar halitta ce ta jikin mutum, ido ba ya ganinta. In za ta rabu, akwai zarurrukan gado a ciki, biyu-biyu, dole a ɗaura wa kowanne igiya ta ɓangarorin nan biyu. Masu cakpoyin ɗin kuwa, wato masu gadin, furotin ake ce musu, a ƙugun zaren suke zama, daidai inda igiya za ta kama. Muddin akwai wanda ba a ɗaure ba, ba su bari a ja. Da an ɗaure, sai su tashi."

Ko ni da aka ba labari na gane. Wa ke kora awaki kasuwa bai duba wuyan kowace ba?

Makau ya leƙo ta tsakanin ƙarafa. "Abin da nike shirin faɗi ke nan, aka tari numfashina!"

"To, ɗan bokon Sakkwato," in ji Zinatu, "maimaita. Ina suke zama?"

Ya dubi Sajan, ya dubi benci. "Bakin ƙofa. Suna cin rake."

Zinatu ta rufe littafinta ta gyara mayafi.

"Zauna abinka, Makau. Sel dai bai rabu ba. Ni da kai ne muka rabu."