Yadda Za Ka Zaɓo wa Surukinka Laftof Ba Tare da Ka San Komai Ba

Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari surukinka ba zai ƙara iya yin mako guda bai neme ka ba. An gwada su a kan wani ɗalibina, mai sayar da labule, wanda dangin matarsa ke kira Injiniya tun ranar da ya canza wa rimot batir. Surukinsa, tsohon mahauci, shi ya danƙa masa kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya ce a sayo masa laftof.

Mataki na ɗaya: Kada ka tambayi me za a yi da ita

An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a ce girmansa ba ya zubewa ba. Tsoho ya fara, "Ka ga, 'yata ta can nesa ta haihu, ni kuma abin da nake so..." Injiniya ya ɗaga hannu. "Baba, kada ka wahalar da bakinka, na gane." Bai gane komai ba, amma tsoho ya ji daɗi.

Mataki na biyu: Shiga shago da fushi

Mai shago zai watso maka ram da giga da firosesa. Kada ka razana. Duk lambar da ya faɗa, ka ɓata rai ka ce, "Shi ke nan?" Da aka ce wa Injiniya ram ɗin takwas ne, sai ya yi tsaki, ya ce gidan surukinsa mutum goma sha ɗaya ne, sauran ukun su yi yaya?

Mataki na uku: Auna

Wannan shi ne sirrin da masana ke ɓoye maka. Mahauci za ka saya wa, mutumin da ya shekara arba'in bai yarda da abin da sikeli bai shaida ba. Injiniya ya aro sikelin mai shinkafa na maƙwabta. Wata siririya, kilo ɗaya da 'yan kai, tsada kamar me. Wata tsohuwa baƙa, kilo huɗu har da caja, a rabin kuɗin. Ko yaro ya san inda riba take.

Mai shago ya ce, "Yallaɓai, wannan fa ba ta da..."

"Ba ta da rama," in ji Injiniya. "Naɗe min."

Mataki na huɗu: Saurari fankarta

Laftof mai shiru munafuka ce, ba ka san abin da take ƙullawa ba. Nemi wadda in an kunna ta, na ɗakin kusa zai leƙo ya ga ko niƙa ake yi. Canjin da ya rage kuwa, ka saya mata jaka mai zif bakwai.

Mataki na biyar: Miƙa ta a gaban jama'a

Tsoho ya ɗaga ta da hannu biyu, ya jinjina, ya ce, "Kai, wannan ba ƙashi, tsoka ce zalla." Aka yi ta sa wa Injiniya albarka. Sannan tsoho ya sa sabuwar riga, ya gyara hula, aka kira 'yar tasa. Ga jaririya nan a allo, kumatu kamar na uwarta. Tsoho ya washe baki yana ɗaga mata hannu.

"Baba, muna jin ka, amma ba ma ganin ka," in ji 'yar. "Kunna kyamara, jikarka ta ga kakanta."

Aka duba sama, aka duba ƙasa, aka duba cikin zif bakwai. Babu kyamara, ba a ma halicce ta da ita ba. Tsoho ya shafa sabuwar rigarsa. Wallahi ni kaina da na ji labarin sai da ya ba ni tausayi.

"Dama don ta san fuskata ne," ya ce.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau wata uku ke nan, duk Asabar Injiniya kan rufe shagon labule, ya je ya durƙusa a bayan laftof, ya ɗago wayarsa daidai saman allon a madadin kyamara. Fanka na hura masa zafi a ciki, tsoho na cewa, "Ɗaga sama kaɗan, Injiniya, hulata ba ta fito ba."

Gargaɗi

Na ce surukinka zai riƙa neman ka kowane mako, kuma ga shi. Ciwon gwiwa da sagewar hannu kuwa, babu ruwana, ni ko rimot ban taɓa gyarawa ba.