Uwar Ɗaki Ta Tafi da Sunayen Waƙoƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba a ga dalilin ɓoyewa ba, iyalan shagon ɗinkin da ke jikin mai gyaran fanka suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu kawo ɗinki rasuwar Uwar Ɗaki, wato taskar waƙoƙin da ke cikin tsohuwar kwamfutar shagon. Ta rasu da hantsi, ana tsaka da ɗinkin kayan makaranta, bayan doguwar jinyar da kowa ya gani, kowa kuma ya kau da kai.

Don kada a yi ta tambaya: kwamfutar tana nan da ranta, waƙoƙin ma suna nan. Abin da ya mutu shi ne sanin wace ce wace.

Marigayiya ta zo duniya lokacin da Baba, mai shagon, ya kai kwalayen kaset ɗinsa aka juye su cikin kwamfuta. Wanda ya juye bai raɗa wa ko ɗaya suna ba, lamba kawai ya bi. Baba ne ya zauna shekara da shekaru, tabarau a karan hanci, yana sa musu suna da yatsa ɗaya a cikin manhajar da ke kunna su. Ba kuma sunan da mawaƙa suka sa ba. Akwai "Ta Guga", akwai "Ta Korar Mai Surutu", akwai "Ta Yankan Wuya", wadda ta sha firgita baƙi kafin a yi musu bayani cewa wuyan riga ake nufi.

An shaide ta da juriya. Da safe takan tashi da ɗan tari, ƙirrr, tak-tak, sannan ta kama aiki har a rufe shago. Ba ta taɓa ba mai guga waƙar mai yanka ba.

A cikin 'ya'yanta akwai guda mai suna "Muryar Inna". Inna, matar Baba, ta rasu Auta tana goye. Wata rana Baba yana naɗar waƙa daga rediyo ya manta bai kashe rikoda ba, kaset ya ci gaba da juyawa, ya ɗauki Inna tana rera waƙa ita kaɗai. Iyakar abin da Auta ta sani na muryar mahaifiyarta ke nan. Baba ya saita manhajar ta riƙa tsallake waƙar rediyon, ta fara daidai inda Inna ta buɗe baki. Saboda haka Auta ba ta taɓa jin farkon fayil ɗin ba, Baba kuma ya daɗe da manta wace waƙa ce a gaba.

Ciwon ya fara da ƙananan alamu. Waƙa ɗaya ta fito sau biyu. Hoton wani mawaƙi ya hau kan waƙar wani. Abin da kwamfuta ke kira "Ta Guga", in an tura shi waya sai ya koma lamba. Auta, wadda ta yi karatun kwamfuta, ta duba ta gano cutar: duk sunayen da Baba ya rubuta, a cikin manhaja kawai suke zaune, ba a taɓa ɗinke su a jikin fayilolin ba. Ta faɗa musu da yaren da suke ji, cewa rubutun alli ne a kan yadi, wanki ɗaya zai tafi da shi. Maganin bai fi a rufe manhajar wuni guda ba, a umarce ta ta rubuta sunayen a jikin kowane fayil, a kuma ajiye kwafi a gefe.

Baba ya ce, "Wuni guda ba kiɗa? Bari dai mu fita daga ɗinkin nan tukuna, Auta." Shagon bai taɓa fita daga ɗinki ba. Yaya, babbar 'yar gidan, ta ce, "Ke dai kin cika neman magana. Ai tana yi." Auta ta sayo filas na kwamfuta don ajiye kwafi, Yaya ta cika shi da hotunan samfurin hannun riga.

Ranar da abin zai faru, Kawu, ƙanin Inna, mai sa maɓalli, ya zo da sabuwar waya ya jona ta da kwamfutar. Manhajar ta tambaya ko ta sake karanto sunaye daga jikin fayiloli. Da aka titsiye shi daga baya, abin da ya ce shi ne, "Na ga ta yi tambaya, sai na ce mata to." Marigayiya ta yi ƙara ɗaya, tin, ta je ta karanto abin da ke jikin fayilolin, wato babu, ta shafe nata da shi. Har wurin da aka saita wa muryar Inna ya tafi.

Auta ta bi duk kafar da ake bi. Ta nemi tsohon kwafin da manhajar ke ajiye wa kanta, ta tarar Yaya ta riga ta kashe kwamfutar ta kunna, ta kashe ta kunna, har sabon ya danne tsohon. Ta duba wayar Kawu: lambobi. Ta jera fayilolin bisa tsawo, ta jera su bisa nauyi, ta buɗe wasu daga cikinsu. Kusan duka da kiɗan buɗe shiri iri ɗaya suke farawa, don daga shiri ɗaya Baba ya naɗe su.

Abin da ke ci wa Auta rai shi ne, waɗannan mutane ne da ba sa karɓar yadin kowa sai sun ɗinke ƙyalle mai sunansa a gefe, don sun san halin alli. Sun san wannan a kan yadin baƙo, suka ƙi saninsa a kan muryar Inna. Masu shirin cewa kwananta ne ya ƙare su riƙe ta'aziyyarsu. Ba tsufa ya kashe ta ba, "bari tukuna" ne da "ai tana yi".

Ta rasu ta bar marayu dubbai, kowanne sunansa "Ba a San Mawaƙi Ba". Ta bar sifika biyu, ɗaya mai sheshsheƙa. Ta bar Baba, wanda tun ranar yake yankan yadi ba kiɗa, da Kawu, wanda bai sake haɗa ido da Auta ba.

Ba za a binne ta ba sai an ware 'ya'yanta. Za a fara zaman makoki a shagon gobe da safe. Za a kunna fayil bayan fayil, kowanne har ƙarshensa, ba tsallake, ba "wannan ba ita ba ce". Wanda ya gane waƙa ya faɗi sunanta, Auta ta rubuta shi a jikin fayil nan take. An ware wa Kawu bencin gaba, kusa da sifika mai lafiya, tunda bayan Baba shi ya fi kowa sanin muryar, amma kada ya taɓa kwamfutar, hannunsa ya tsaya a cinyarsa.

Masu ɗinki a shagon su yi haƙuri da jinkiri. An rufe duk kekuna har sai an gama, domin a cikin kaset ɗin ma keke Inna take takawa, kuma Auta ba ta yarda wani keken ya danne nata ba. Mai zuwa ya zo da kujerarsa. Ba a sa ranar tashi ba.