Kwat ɗin Ambasada

Duk wanda bai taɓa ganin Ambasada yana shiga ofis da safe ba, bai san yadda ake shiga ofis ba. Allah ya ba shi tsayi, shi kuma ya ƙara da turare. Aikinsa a kamfanin shi ne tarbar baƙi: ya nuna musu kujera, ya tambaye su ruwa ko lemo. Amma tun ranar da ya riƙe wa wani baƙo jaka har filin jirgi, ya daina amsa sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Abokan aiki suka laƙaba masa Ambasada don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Kwat ɗinsa kuwa sai wanda ya gani. Ruwan toka ne, da 'yar ciki, da wando mai kari kamar bakin wuƙa. Rana na narka kwalta, Ambasada na cikin kwat. "Ɗinkin waje ne," in ji shi. "Telan ba ya auna mutum sai ya ga takardunsa." Babu wanda ya san daga dilar gwanjo ya zaro shi a bayan tasha, ya kuma hana a wanke, wai kada ƙamshin ƙasar waje ya fita.

Ana nan sai ga ƙaiƙayi, sai ga ƙuraje a wurin da ba a nuna wa mutane. Da yake babban mutum ne, susar ma ta manya ya riƙa yi, hannu cikin aljihu kamar mai laluben makulli. Har manaja ya tambaye shi ko makullin nan bai samu ba har yanzu.

Ya kulle banɗaki, ya duba da madubi, ya gwada da hotunan da ke cikin waya, ya yanke wa kansa hukunci: ciwon da ake ɗauka wajen kwanciya ne. To shi dai ya sani a ransa babu macen da ta taɓa yi masa kallo na biyu a waje. Saura wa ke nan? Matarsa, wadda ta zauna da shi tun yana zuwa aiki a keke.

"Maman yara," ya ce, yana tsaye kamar mai karanta jawabi, "jiki irin nawa ba ya ƙirƙiro cuta. Shigo da ita aka yi. Na kira yayanki, zai zo ya tafi da ke har a kammala bincike."

Ta rantse, ta yi kuka, bai ko kalle ta ba. Maganar ta yi mata ciwon da ba ta taɓa ji ba, domin mace in aka shafa mata irin wannan, wanke ta sai Allah.

Ranar da yayan zai zo, Ambasada ya sa baƙin tabarau ya tafi asibiti mai nisa. Likita ya duba wurin, ya duba tsakanin yatsunsa, ya sa aka yi gwaji, gwaji ya fito lafiya lau.

"Ƙazuwa ce," in ji likita. "Ka sa kayan wani kwanan nan?"

"Likita, sake dubawa. Ƙazuwa ai ta yaran da ke wasa a kwata ce. Mutum mai matsayina, in ma ciwo zai kama shi, sai dai mai suna da Turanci."

Likita ya rubuta man shafawa, ya ce kowa a gidan ya shafa, a kuma tafasa tufafi da zannuwan gado, har da kwat ɗin. Nan ne Ambasada ya ji kamar an yi masa rasuwa.

Ya tarar da yayan matar a falo fuska a murtuke, ita kuma tana gefe da jakarta. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta. Amma ƙazuwa za ta jawo gwanjo, gwanjo kuwa ba zai iya wucewa ta maƙogwaron Ambasada ba. Ya gyara wuyan kwat, ya yi gyaran murya.

"Yaya, bincike ya nuna ba ta da laifi. Ni ne. Ka san mu da ke hulɗa da manyan baƙi, akwai jarrabawa. Wata ce ta nace mini a wani babban otal. Ciwo ne na masu tafiye-tafiye, ba kowa yake samu ba."

Ya faɗi haka har da ɗan murmushi, hannu cikin aljihu.

Matar ta kalli hannunsa da ke susa cikin aljihu. Sannan ta miƙe, ta buɗe wa yayanta yatsunta.

"Yaya, dubi hannuna. Yanzu na gane, ƙazuwa ce ya kwaso mana. A kanta ya ɓata mini suna, yanzu kuma ya gwammace a kira shi mazinaci da ya faɗi gaskiya. Tashi mu tafi."

Ta ɗauki jakarta. Da ta kai bakin ƙofa sai ta waiwayo.

"Af, Baban yara, Innarka ma da ke gidan nan, kwana biyun nan susa take ta yi a ɗakinta. Ita ma ta bi ka otal ɗin ne?"